Kwana Huɗu A Sabon Garin Minna

Ranar wata Litinin a farkon kaka muka tashi daga Suleja da hantsi, muka kama hanyar Minna a mota, tafiyar kilomita ɗari ko fiye da haka kaɗan. Muka bi ta Lambata da ƙasar Paiko, gonakin doya da na dawa dama da hagu, duwatsu suna ɓullowa ɗaya bayan ɗaya, har muka haye gadar kogin Chanchaga. Daga wannan gada zuwa tsakiyar gari babu inda gini ya yanke. Na sauka wajen azahar, na hau babur mai ƙafa uku, na ce a kai ni Sabon Gari, gidan wani dattijo abokin marigayi mahaifina, wanda ya yi aikin reluwe har ya yi ritaya, yanzu kuwa ya haura shekara tamanin.

Bayan an ci abinci an yi sallar la'asar, muna zaune a ƙofar gida, sai na ce masa, "Baba, gobe in Allah ya kai mu ina so a haɗa ni da yaro ya kai ni cikin birni, in ga ganuwa da ƙofofi." Ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Wace ganuwa, ɗana? Ganuwarmu ga ta can," ya ɗaga sandarsa ya nuna duwatsun da suka tokare gabashin gari. "Ƙofa kuwa guda ɗaya gare mu, ita ce tashar jirgi. Ta nan ubana ya shigo, ta nan uban maƙwabcina Bayarabe ya shigo, ta nan kowa ya shigo in ban da Gwarawa."

Wannan amsa ita ta gyara mini tunani, domin na zo ne da ma'aunin Kano da Zariya a kaina. Mai karatu ya san cewa a waɗannan birane in an ce Sabon Gari, ana nufin unguwar da Turawa suka yanka a bayan ganuwa, ta Kano wajen 1913, don su zaunar da akawuna da 'yan kasuwa da ma'aikatan reluwe waɗanda suka zo daga Kudu da Saliyo da Gwalkwas, nesa da fadar Sarki da kotun alƙali. A can akwai birni mai shekaru ɗaruruwa, akwai baƙo a gefensa, kowa ya san matsayinsa. A Minna babu irin wannan tsohon birni da za a ajiye baƙo a bayansa. Sabon Gari tana cikin tsakiyar gari, ɗaya ce daga cikin mazaɓu 11 na Ƙaramar Hukumar Chanchaga, tare da su Limawa da Makera da Nasarawa da Tudun Wada, kuma ratar da ke tsakaninta da unguwannin da suka girme ta ba ta kai ta kaka da jika ba. In gaskiya za a bi, Minna gaba ɗayanta sabon gari ce, shekarunta ba su wuce ɗari da 'yan kai ba.

Garin yana kwance ne a gindin jerin duwatsu waɗanda suka tare shi ta gabas da arewa maso gabas. Shi ya sa bai sami damar yin faɗi ta wannan fuska ba, sai ya miƙe kamar igiya a bakin babbar hanya guda, tun daga Chanchaga, ta Tunga da shataletalen Mobil da Bosso, har Maikunkele inda filin jirgin sama yake. Ta yamma ne ƙasa ta buɗe, wajen Kpakungu da hanyar Bida, can ne kuma sababbin gidaje suke ta cin gonaki. Damina takan kama daga Afrilu zuwa Oktoba, ruwan da ake samu a shekara yakan kai milimita 1,200 ko ya wuce, watau ya ɗara na Kano sosai, kuma ya fi ƙarfi cikin Agusta da Satumba. Da yake daga kan dutse yake gangarowa, a da yakan yi wa unguwannin kwari ɓarna, sai a zamanin mulkin Janar Babangida aka gina manyan magudanai na kankare da suka ratsa garin. Na leƙa guda ɗaya na tarar rabinsa shara ce. Hunturu bai kai na Katsina ko Sakkwato tsanani ba, amma fa zafin Maris, mutanen garin da kansu ba su musa shi.

Masu ƙasa su ne mutanen da mu Hausawa muke kira Gwarawa, su kuwa Gbagyi suke kiran kansu, kuma sun fi son a kira su da haka. Sunan garin ma daga harshensu ya fito. Abin da dattawansu ke faɗa shi ne, a zamanin da, idan shekara ta zo ƙarewa akan kashe kowace wuta da ke garin, har da ta murhun ɗakin girki. Sa'an nan sarki da masu kula da al'ada su tafi wani ƙauye mai nisa su ɗebo sabuwar wuta, a hura ta a dandali, kowane gida ya zo ya ɗiba ya shiga sabuwar shekara da ita. Wannan rabon wuta shi ake ce wa Minna, watau yaɗa wuta. Garin da ake yin wannan al'ada ƙauye ne a kan dutse, wajen da ake kira Paida, yana nan yana kallon Sabon Gari daga sama.

Hawa dutsen nan kuwa tilas ce ta sa. A ƙarni na 19 ƙasar Gwari ta sha harin mahaya masu neman bayi, musamman daga Umaru Nagwamatse, jikan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo wanda ya kafa Kwantagora, da ɗansa Ibrahim. Doki ba ya hawa dutse, saboda haka mutane suka bar fili suka haye, suna saukowa noma da rana suna komawa da dare. Ba su sami natsuwar zama a ƙasa ba sai bayan da Turawa suka ci Kwantagora da Bida cikin 1901. Na kawo wannan ne domin mu Hausawa muna da wata ɗabi'a ta raina Bagwari, har idan mutum ya kasa furta Hausa daidai sai mu ce yana gwaranci, alhali kuwa shi ya koyi harshenmu, mu ba mu iya gaisuwa da nasa ba. Ya kamata a tuna cewa Minna da Kaduna da Abuja, manyan garuruwan mulki guda uku, duk a kan gonakin waɗannan mutane aka gina su.

ZUWAN DOGO

Abin da ya sauya ƙauyen nan shi ne hanyar jirgin ƙasa. Cikin 1907 aka naɗa Sa Percy Girouard ya gaji Lugga a kan mulkin Arewa. Shi mutumin Kanada ne, injiniyan soja, wanda ya yi suna wajen shimfiɗa dogo a Sudan da Afirka ta Kudu, kuma don wannan aiki aka kawo shi. Shirin Turawa shi ne a ja dogo daga Baro, wani gari a bakin kogin Kwara inda jiragen ruwa ke iya zuwa daga teku, a kai shi Kano, tsawon mil 356, don a riƙa kwaso auduga zuwa masaƙun Ingila. Allah da ikonsa, gyaɗa ce ta zo ta cika taragun. Dogo ya isa Kano cikin 1911, Minna kuwa ta faɗo a mil na 111 daga Baro. A daidai wannan lokaci wani dogon ya taso daga Ikko, ya biyo ta Ilori da Jebba da Zungeru, wadda tsofaffi ke kira Dungurum, ita ce hedkwatar Arewa daga 1902 har aka koma Kaduna cikin 1917. A Minna hanyoyin biyu suka haɗu. Da farko akan ƙetarar da taragu a Jebba a kan jirgin fito, amma da aka gama gada wajen 1915 sai kaya suka riƙa wucewa Ikko kai tsaye, Baro ta fara mutuwa tun tana jaririya, Minna kuwa ta zama mararraba, inda ake sauya kan jirgi, a sha ruwa, a ɗebi kwal, fasinja su sauka su sayi abinci.

Ba a yi aikin nan da injuna ba. Da fartanya da diga da kwando aka yi shi, kuma yawancin leburorin ba su zo don ra'ayin kansu ba. Razdan ya umurci sarki, sarki ya umurci hakimi, hakimi ya ɗora wa kowane ƙauye adadin mazan da zai bayar, a kai su bakin dogo su yi makonni, a biya su da kuɗin Turawa, waɗanda da su ne kuma za su biya haraji. Nufawa da Gwarawa su suka fi ɗaukar wannan nauyi, domin ta ƙasarsu dogon ya fara bi, kuma sau da yawa ɗibar takan faɗo a lokacin da gona ke bukatar mai ita. Cikin 1909 mutanen Gussoro ta ƙasar Kuta suka kashe wani jami'in mulki Bature tare da 'yan sandan da ke rakiyarsa, Turawa suka aika da soja suka murƙushe garin. Masu nazarin tarihi suna danganta wannan tashin hankali da matsin aikin tilas na waɗannan shekaru.

Tsofaffin Minna sun ce an zaunar da leburorin ne sansani-sansani, kowace ƙabila da nata, don a san wanda ya gudu. Waɗannan sansanoni su suka zama unguwannin farko, kuma sunayensu suna ba da labarinsu ba sai an buɗe littafi ba. Ga Kwangila, mazaunin masu aikin kwangila. Ga Ƙetaren Gwari, ga Limawa, ga Makera. Daga baya aka sami Unguwar Daji da Soje da Barikin Sale da Tudun Fulani, da Dutsen Kura guda biyu, na Hausa da na Gwari, da wata unguwa mai daɗin suna, Sauka-ka-huta. Mai lura zai ga cewa sunayen tsakiyar gari kusan duk na Hausa ne, domin Hausa ce harshen da Banufe da Bagwari da Bayarabe suka yi magana da juna da shi a bakin dogo. Sai ka fita gefen gari sa'an nan ka ci karo da sunayen da harshen Bahaushe ke tuntuɓe a kansu, irin su Kpakungu da Fadikpe da Gbeganu, waɗanda ƙauyuka ne da gari ya haɗiye.

Da jirgi ya fara zirga-zirga sai kamfanonin Turawa suka buɗe kantuna kusa da tasha, suna sayen gyaɗa da auduga da kaɗanya. Doyar Gwari ta sami hanyar zuwa Kano da Ikko. Cikin shekarun 1930 aka shiga haƙar zinariya a Lardin Neja, wannan ma ya jawo wasu mutanen. Fatake da mahauta da malamai suka zo daga Kano da Zazzau da Katsina da Borno, akawuna da kafintoci da direbobin jirgi da masu zuba kwal suka zo daga ƙasar Yarbawa da ƙasar Ibo. Aka yanka musu filaye a jere, da tituna miƙaƙƙu masu ratsa juna, irin tsarin da ake gani a kowace Sabon Gari. Har yau a tsakiyar Minna akwai titin da ke ɗauke da sunan Ikko, da na Yarbawa, da na Ogbomosho.

Na yi yini biyu ina yawo a ƙafa cikin waɗannan tituna tare da jikan Baba. Gidajen da yawansu tsofaffi ne, masu ɗakuna a jere suna fuskantar juna da tsakar gida ɗaya, rufin kwanonsu ya yi ja don tsatsa, an fasa ɗakunan gaba an mai da su shaguna. Nan Ibo ne mai sayar da kayan gyaran mota, kusa da shi tela Bayarabe, gaba kaɗan Banufiya da tiren ƙuli-ƙuli da busasshen kifi, ga mahauci Bahaushe yana kafa tukubarsa tun kafin magariba. Ranar Laraba da dare na ji ana waƙa a wani coci, ana kiran lisha a masallacin da bai fi taku hamsin daga gare shi ba, ba wanda ya ɗaga kai. Abin da ya bambanta wannan unguwa da Sabon Garin Kano na da shi ne Musulmi 'yan Arewa suna da yawa a cikinta ƙwarai, kuma gida ɗaya yakan tara ƙabila uku ko huɗu a bakin rijiya guda. Na ji wata tsohuwa Bayarabiya tana yi wa jikanta faɗa da Hausar da ta fi tawa karin magana.

Wannan cakuɗa ta haifi mutanen da duniya ta sani. A Minna aka haifi Cyprian Ekwensi cikin 1921, ɗan wani mafarauci Ibo, wanda ya zama ɗaya daga cikin marubutan Nijeriya na farko da suka yi suna a harshen Ingilishi. Zaman Arewa bai bar shi ba, domin littafinsa Burning Grass na 1962 labarin Fulani makiyaya ne, The Passport of Mallam Ilia kuwa a cikin jirgin ƙasa ake ba da labarinsa. A nan kuma aka haifi Ben Okri cikin 1959, lokacin da mahaifinsa yake akawu a reluwe, shi ne ya ci babbar kyautar adabi ta Booker a Ingila cikin 1991. Tsakanin waɗannan biyu aka haifi yara biyu da suka zo suka mulki ƙasar nan, Ibrahim Badamasi Babangida cikin 1941, wanda ya yi mulki daga 1985 zuwa 1993, da Abdulsalami Abubakar cikin 1942, wanda ya karɓi mulki cikin Yuni 1998 ya miƙa wa farar hula ran 29 ga Mayu 1999. Dukansu biyu a Bida suka yi sakandare, dukansu kuma a kan tudun da ke bisa garin suka gina gidajensu. Ɗan Minna ba ya gajiya da faɗa maka wannan, ko ka tambaya ko ba ka tambaya ba.

Kada mai karatu ya ɗauka zaman bai taɓa tsami ba. Rikicin 1966 bai tsallake Minna ba. An rasa rayuka, 'yan Gabas da yawa suka bar gidajensu da shagunansu, sai bayan an gama yaƙin basasa cikin 1970 wasu suka komo. Baba ya ce shi da kansa ya riƙe mabuɗin ɗakin wani abokin aikinsa shekara huɗu, ya kuma ce akwai ɗakunan da masu su ba su komo ba har yau, daga nan ya yi shiru, ni ma ban ƙara tambaya ba. Cikin Afrilu 2011, bayan zaɓen shugaban ƙasa, an yi ƙone-ƙone a garin har aka sa dokar hana fita, haka kuma cikin Janairu 2012 lokacin zanga-zangar janye tallafin man fetur.

DAGA LARDI ZUWA JIHA

Ta fuskar mulki, cikin shekarun 1920 Minna ta zama hedkwatar Lardin Neja. Sarautarta ma sabuwa ce idan aka gwada da ta Bida ko Kwantagora. Wajen ƙarshen zamanin Turawa ne aka haɗa ƙasashen Gwari irin su Kuta da Paiko da Bosso a ƙarƙashin En'e guda mai hedkwata a Minna, aka ɗora Alhaji Ahmadu Bahago, mutumin Kuta, a kan sarautar, bayansa kuma ɗansa Alhaji Umaru Faruk Bahago ya hau a ƙarshen shekarun 1980. Da aka yanka jihohi 12 cikin 1967 sai lardin ya faɗa Jihar Arewa Maso Yamma, ya zama mai neman sa hannu a takarda sai ya kwana a hanya zuwa Sakkwato. Ran 3 ga Fabrairu 1976 Janar Murtala Muhammed ya ba da sanarwar kafa Jihar Neja, Minna ta zama babban birninta, Kwamanda Murtala Nyako ya zama gwamnanta na farko. Da aka ƙara mata ƙasar Borgu daga Jihar Kwara cikin 1991, faɗinta ya wuce murabba'in kilomita 76,000, babu jihar da ta kai ta girman ƙasa a Nijeriya. Ƙananan hukumominta 25 ne, kuma madatsun ruwa na Kainji da Jebba da Shiroro da Zungeru, masu ba ƙasa wutar lantarki, duk a kan kogunanta suke. Amma a kwana huɗun da na yi, fitilar caji ce ta fi yi mana aiki da dare.

Samun jiha shi ya kawo baƙi kashi na biyu, watau ma'aikatan gwamnati da 'yan kwangila da ɗalibai. Aka kafa Jami'ar Fasaha ta Tarayya cikin 1983, wadda ta fara a Bosso sa'an nan ta gina mazauni a Gidan Kwano kan hanyar Bida. A Minna aka kafa ƙungiyar mata Musulmi ta ƙasa, FOMWAN, cikin 1985, Hajiya Aisha Lemu, matar Shehu Ahmad Lemu, ita ce shugabarta ta farko. Hukumar jarrabawa ta NECO, wadda aka kafa cikin 1999, a nan hedkwatarta take. A ƙidayar 1963 mutanen Minna kimanin 60,000 ne. A ta 2006 Ƙaramar Hukumar Chanchaga kaɗai ta wuce 200,000, ta Bosso ta kusa 150,000, jihar gaba ɗaya ta wuce miliyan 3.9. Dole a haɗa ƙananan hukumomin nan biyu kafin a san girman garin, domin unguwanni kamar Maitumbi suna cikin Bosso ne, kai har garin Chanchaga kansa ba ya cikin ƙaramar hukumar da aka sa wa sunansa. Tun daga 2006 ba a sake ƙidaya ba, wadda aka shirya yi cikin 2023 an ɗage ta, saboda haka duk adadin da aka ba ka na yau kintace ne.

Ranar Alhamis Baba ya ce shi da kansa zai kai ni tasha. Muka tafi a hankali, yana dogara sanda. A harabar tashar an ajiye wani ɗan ƙaramin kan jirgi da aka ƙera a Ingila, wanda shi ne na farko da ya yi aiki a Arewa, a kan gajeren dogon da Lugga ya sa aka shimfiɗa cikin 1901 daga bakin kogin Kaduna wajen Wushishi zuwa Zungeru. Baba ya nuna mini inda ake juya kan jirgi, da inda tankin ruwa yake, da inda mata ke jeruwa da dafaffiyar doya da ƙwai da mangwaro in jirgin Ikko ya tsaya. Ya ce a zamaninsu mutanen Sabon Gari ba su bukatar agogo, da kukan jirgi suke sanin lokaci, kuma rabin unguwar daga tashar nan take cin abinci, ko ma'aikaci ne kai, ko ɗan dako, ko mai masauki. Ranar da muka je, ciyawa ta rufe wasu layukan, awaki suna kiwo a tsakanin taragun da suka daɗe a tsaye.

Labarin lalacewar reluwe a ƙasar nan sananne ne. Tun daga shekarun 1970 manyan motoci suka ƙwace kaya, gyaɗa ta ƙare, kayan gyara suka yi wuya. An farfaɗo da jirgin fasinja na Ikko zuwa Kano cikin Disamba 2012, ya riƙa bi ta Minna, amma abin bai tsaya da ƙafarsa ba. Sabon dogo mai faɗi da aka buɗe cikin 2016 tsakanin Abuja da Kaduna bai biyo ta nan ba. A Baro kuma Shugaba Buhari ya buɗe tashar jiragen ruwa cikin Janairu 2019, aka shafe shekaru ana kukan babu hanyar kirki da za a kai mata kaya. Garin da mararraba ta haifa ya koma dogara ga albashin gwamnati da kuɗin ɗalibai da cinikin doya. Ba mamaki da ya zama a shataletalen Kpakungu ne mata da samari suka tare hanya cikin Fabrairu 2024 suna kukan tsadar abinci, kafin abin ya bazu zuwa wasu garuruwa.

Akwai baƙi kashi na uku, su ne suka fi tsaya mini a rai. 'Yan bindiga sun addabi ƙasashen Shiroro da Munya da Rafi. Cikin Fabrairu 2021 aka sace ɗalibai a makarantar gwamnati ta Kagara, cikin Mayu na shekarar aka kwashe yaran Islamiyya fiye da ɗari a Tegina. Cikin Afrilu 2021 gwamnan lokacin, Alhaji Abubakar Sani Bello, ya faɗa da bakinsa cewa 'yan Boko Haram sun kafa tuta a Kaure ta ƙasar Shiroro, ya kuwa faɗi haka ne a wata makarantar firamare cikin Minna inda 'yan gudun hijira suka fake. Da yawan waɗannan mutane Gbagyi ne, manoman doya. Kakanninsu sun hau dutse don gudun mahaya dawakai, su kuma suka gudo gari don mahaya babura, suka zama masu neman ɗakin haya a ƙasar da take tasu. Wasu sun koma, wasu suna nan suna dako da aikin gini.

A daren ƙarshe maganar ta kai mu ga takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma, wadda sai da ita ake samun gurbin karatu ko aikin gwamnati. Maƙwabcin Baba ya ce jikansa, wanda shi da ubansa duk a unguwar nan aka yanke musu cibiya, ya nemi wannan takarda aka ce ya tafi garin kakansa, garin da bai taɓa kwana a cikinsa ba, bai kuma iya harshensu sosai ba. Tushen abin yana cikin tsarin mulki, tun na 1979 har na 1999, wanda ya ɗaura zaman mutum ɗan jiha a kan asalin iyayensa ko kakanninsa. A ganina wannan ma'auni ya fi yin ciwo a gari irin Minna, inda in aka bi asali sosai, Bahaushe da Banufe da Bayarabe duk a jirgi ɗaya suka zo. Amma shi ma Bagwari yana da tasa hujja, kuma mai ƙarfi ce. Ya ga an yanka gonarsa an sayar fuloti-fuloti, ya ga harshensa yana ja da baya a bakin 'ya'yansa, yana tsoron in aka buɗe ƙofar nan gaba ɗaya ba abin da zai rage masa. Abin da ya dace shi ne a raba al'amuran biyu. Wanda aka haifa a gari, yana biyan haraji a cikinsa, a ba shi haƙƙin makaranta da aiki. Gonaki da sarautar gargajiya kuwa a tsare wa masu su da doka, a riƙa biyan diyya ta gaskiya in gari ya ci ƙauye. Baba bai yarda da ni duka ba, maƙwabcinsa ma haka, muka tashi wajen ƙarfe goma sha ɗaya.

Da asubahin Jumma'a na yi sallama da mutanen gida, Baba ya sa aka ɗaura mini doya biyar a buhu, ya ce in gai da mahaifiyata. Jikansa ya raka ni tashar mota. A hanya muka yi ta gamuwa da matan Gbagyi suna shigowa kasuwa daga ƙauyuka, kowace da ƙwaryar kaya a kafaɗa, domin su ba su ɗora kaya a ka. Motar Suleja ta cika wajen ƙarfe bakwai da rabi, muka fita ta Tunga.